Yadda Taɓon Caɓi Ya Kama Alƙali

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sa wani sashe nata ya yi tauri don mu taka, wani ya yi laushi don mu shuka, wani kuma ya bar shi tsaka-tsaki don masu taurin kai irina. Bayan haka, ya ku masu saurare, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Shekarau, mutumin Tudun Ƙaya, wanda a zamanin ƙuruciya ake kira Tsinka-Igiya. Abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba.

Sunan nan ba a banza na same shi ba. Allah ya ba ni ƙarfi, ya ɗan rage mini hankali, ni kuwa a lokacin ban ga an ƙware ni ba. Garinmu a kan dutse yake, kuma duk abin da ya maƙale a cikinsa ni ake kira: kututturen da ya gagari gatari, turken da ya ƙi fita, gugan da ya sarƙe a rijiya. Dabarata guda ɗaya ce tak. In naɗe igiya a hannu, in ja numfashi, in fizga. Ko abin ya fito ko igiya ta tsinke, kowanne ya faru tafi ake yi mini. Masu tufka igiya na garinmu suna ƙaunata kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Babban abokina a duniya shi ne takarkarina, wani farin sa mai dogon ƙaho. Uwarsa ta mutu ranar da ta haife shi, ni na raine shi, ina tsoma yatsuna a madara yana tsotsa. Na raɗa masa suna Alƙali, don ban taɓa ganin ya yanke hukunci da gaggawa ba. Ko ciyawa ka miƙa masa, sai ya dube ta, ya dube ka, ya yi nazari, sannan ya karɓa. Matata Tabawa takan ce da za a zuba ni da shi a ƙwarya ɗaya a dama, a raba biyu, da kowa ya huta.

Ana nan, sai wani falke ya sauka a garinmu da labarin Birnin Caɓi, tafiyar wata uku gabas. Ya ce a bakin tafkinsu akwai wata tukunyar tagulla mai suna Uwar Biki, wadda tuwonta ke ƙosar da mutum dubu. Tana nan zaune a taɓo har wuya, kuma sarkinsu ya yi shela cewa duk baƙon da ya fizge ta da ƙarfinsa, tasa ce. Yana ba da labarin yana wani murmushi. Da na tambaye shi dalilin murmushin, da hikayar nan ta ƙare a nan, amma ban tambaya ba. Na ɗora wa Alƙali igiya uku masu kaurin damtsena, na yi sallama da Tabawa. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, maigida. In tukunyar ta ƙi zuwa, ka dawo mini da san dai lafiya."

Muka ratsa dajin da itatuwansa ke sunkuyowa su shinshini matafiyi, muka wuce garin da kasuwarsa ke ci a kan rassan kuka, mai saye ya hau da tsani. Duk waɗannan ban tsaya kansu ba, don ba abin ja a ciki. A wata na biyu muka iso Fadamar Ƙullu, wata shimfiɗa fara fat, mai kauri kamar ƙullun kamu da ya kwanta a gindin ƙwarya. Mutanen wurin a guje suke ƙetare ta, tsofaffi da masu goyo, ƙafafunsu na ƙara kamar a kan daɓe. Wani ya ce mini, "Baƙo, in ka shiga kada ka tsaya." Alƙali ya dubi fadamar, ya yi nazari, ya kama hanyar zagaye abinsa. Ni kuwa na tattare riga na zura da gudu.

Abin mamaki, ƙasa ce sosai a ƙarƙashina. Sai a tsakiya hulata ta faɗi, na tsaya ɗauka. Kafin in miƙe na nutse har gwiwa. Na fizgi ƙafa, ƙullun ya daskare kamar dutse. Na ƙara fizga, ya ƙara tauri. Na yi ta kokawa har ƙarfina ya ƙare, na saki jiki ina haki, ina jan ƙafar a kasalance irin ta wanda ya fid da rai. Sai ga ta tana fitowa sulul, babu takalmi. Haka na rarrafa na fita, na iske Alƙali a ɗaya gefen yana tuƙa. Kun san abin da na ce? Na bugi ƙirji na ce, "Ka gani ko, Alƙali? Har ƙullu ya gaji da ni." Wallahi iyakar abin da na fahimta ke nan.

Birnin Caɓi yana bakin wani tafki mai numfashi. Da hantsi ruwan ya janye har ido ba ya ganinsa, ya bar baƙin taɓo fayau. Da la'asar ya dawo ya rufe komai, har ya shanye mutum a tsaye. Caɓawa kan ɗaura faya-fayai masu faɗi a ƙafa su yi ta yawo a kan taɓon kamar agwagi. Wani abin da ya fi ba ni dariya, babu mai kulle ɗaki a garin, kuma duk kayan da suke ji da shi, tasoshi da tukwane da duwatsun niƙa, a cikin taɓo suke dasa shi, kowa ya kafa sanda a gefen nasa. Na ce a raina Allah ya kawo ni garin mahaukata.

Na kai gaisuwa fada. Sarki ya ce shela tana nan daram. Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa, ni kuwa na ɗauka tsorona ne ya kama su.

Washegari da hantsi na nufi tafki. A bakin gaɓa wata tsohuwa na zaune da damin sandunan gora, an huda kowacce tun daga kai har gindi. Sunanta Kuluwa, kowa Gwaggo yake ce mata. Duk tsawonta bai wuce ƙuguna ba.

"Sannu da zuwa, ɗan nan," in ji ta. "Ɗauki gora ko ɗaya ce."

Na ce, "Gwaggo, ja na zo yi, ba busa sarewa ba."

"To, madalla," ta ce, ta ci gaba da cin goronta.

An yi wata siririyar gada ta katako daga gaɓa har kusa da tukunyar. Na taka na isa. Ga Uwar Biki nan, bakinta ya kai faɗin ɗaki, kunnuwanta huɗu suna ƙyalli. Na ɗaura igiya, na ja numfashi, na fizga. Ta ɗago kamar kaurin yatsa, sannan ta koma, sai ka rantse wani ƙato ne a ƙarƙashi ya riƙe gindinta. Na sake fizga, igiya ta ce tas. Mutanen da suka cika gaɓa suka yi tafi. Ta biyu ma ta tsinke, suka ƙara tafi, har da guɗa. A nan ne na lura tafin nasu ba irin na garinmu ba ne.

Zuciya ta ɗebe ni. Na koma gaɓa na jawo Alƙali, na ɗaura masa igiya ta uku. Gadar ba ta da faɗin da zai juya ya ja, don haka na ce ya sauka cikin taɓon. Gwaggo Kuluwa ta miƙe tsaye ta ɗaga murya, "Kai ɗan nan, kada ka sa dabbar nan a ciki! Kofatonsa tsini gare shi!" Ban ko waiwaya ba. Alƙali ya dubi taɓon, ya dube ni, ya yi nazari, ya ƙi. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka haife shi, na zabga masa igiya a gadon baya. Ya sauka.

Ya ja, bawan Allah, iyakar ƙarfinsa. Duk takun da ya yi sai ƙafar ta ƙara lumewa. Igiya ta uku ta tsinke, tukunya ko gezau, shi kuwa ya nutse har ciki. Na yi tsalle na faɗa, na kama ƙahoninsa na fizga. Ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Na kama wutsiya na fizga, gashin ya biyo hannuna. Ni kaina na lume har cinya. Da na ɗaga kai, sai na hango wani farin zare can nesa a ƙarshen taɓon. Ruwa ne ya kamo hanya.

Tafi ya tsaya. Wani dattijo mai ƙiba ya tako kan gada a natse, ya tsuguna kusa da mu, ya fito da wuƙa da dutsen washi.

"Salamu alaikum, baƙo. Ni ne Jatau, Sarkin Fawan garin nan. Kada ka ɗauka da mugunta na zo. Al'adarmu ce, dabbar da ruwa ya kai wa wuya a taɓo, mukan yanka ta kada ta yi mushe. Ba zan taɓa shi ba sai ruwa ya taɓa wuyansa. Amma in ya taɓa, to, sai haƙuri."

Ya fara wasa wuƙa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Tukunya ta fita daga raina fit, ko kyauta aka ba ni ba na so. Ni dai san nan da na shayar da yatsuna, wanda na daka da hannuna na tura shi ciki, shi nake kallo. Na buɗe baki, ni Tsinka-Igiya, na yi ihu kamar an taka ɗan akuya: "Gwaggo! Gwaggo, don Allah!"

Ashe tana tafe. Ga ta nan a kan faya-fayanta, damin gora a ka, tulun ruwa a kafaɗa, tana jan tabarmi. Ba ta ko sauri.

"Yanzu kana son sarewar?" in ji ta.

"Ina so, Gwaggo. Ki kira maza ashirin mu ja!"

"Maza ashirin su cire masa kai, su bar wa taɓo ƙafafu? Rufe mini baki. An taɓa yi maka ƙaho?"

Na ce an taɓa.

"Da wanzami zai cire, fizgewa ya yi?"

"A'a. Ya buɗe 'yar hudar da ya toshe a tsinin, sai ƙahon ya faɗo da kansa."

"To, ashe ba duka ka rasa ba. Ƙafar nan taka in ta ɗaga, gurbi take bari a ƙarƙashinta. Sai wani abu ya shiga ya cike gurbin kafin taɓo ya saki. In ka fizga, ba ka ba ruwa lokacin tsiyayowa ba, sai gurbin ya tsotse ƙafar kamar ƙaho a bayanka. Mu nan ba ma ƙwace wa taɓo kaya. Shayar da shi muke yi."

Ta shimfiɗa tabarma ta ce in kwanta a kai rub da ciki, don mai kwance ba ya lumewa kamar mai tsaye. Ta zura gora ta bi jikin ƙafata har ƙarƙashin diddige, ta tsiyaya ruwa a ciki. Na ji sanyi ya zagaye tafin ƙafata, riƙon ya saki. Ta ce in murza ƙafar hagu da dama, in ja a sannu. Ta fito. Ɗayar ma haka, sai dai takalmin da ya rage mini ya zauna a can.

Muka juya kan Alƙali. Muka tura tabarmi da katako ƙarƙashin ƙirjinsa. Sai maganar igiya ta taso, ga shi duk nawa na tsinka su, guntayen sun nutse. Gwaggo ta kwance wadda ta ɗaure damin gorarta da ita, wata 'yar igiyar rama da ba ta kai kaurin ƙaramin yatsana ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan ko atishawa na yi ta tsinke."

"Shi ya sa na ba ka ita. Ita za ta gaya maka in ka wuce gona da iri. Babu wata, kuma babu lokacin komawa gari."

Na cusa hannu cikin taɓo har kafaɗa, na ɗaura a ƙafar gaba. Ta zura gora, ta shayar. Na fara ja. Jama'a, na ɗauki buhu uku a ka, na kayar da bango da kafaɗa, amma ban taɓa aiki mai wuya kamar jan nan ba. Duk sanda na so fizga, sai Gwaggo ta ce, "Sannu. Sannu dai. Ka ji tana zuwa? Bi ta, kada ka riga ta." Ƙafar ta yi ta tahowa kamar ba ta tahowa, har ta ce ɓut, muka naɗe ta a kan tabarma. Ta biyu ta bi. Muna kan ta uku ruwa ya iso, ya shafi tabarmar da nake kwance a kai, ya wuce abinsa.

Saura ƙafar baya ta hagu, wadda ta fi zurfi. Ruwa ya rufe cikin Alƙali, ya hau haƙarƙari. Gwaggo ta tsiyaya ruwa a gora, ruwan ya tsaya cak.

"Taɓo ya toshe gindinta," ta ce. "Ni ba ni da numfashin hura ta. Kai mai ƙirji kamar rumbu, ga inda ƙarfinka zai yi rana."

Na kafa baki na hura har kunnuwana suka yi ƙara. Gorar ta buɗe, kumfa ya taso ta gefen cinyarsa. Amma Alƙali ya ji ruwa a kafaɗarsa, ya firgice, ya shiga harbe-harbe, ƙafar ta ƙara komawa. Zare ɗaya na igiyar ya ce tas a hannuna. Sarkin Fawa ya naɗe wando ya sauko, ruwa har ƙugunsa, ya dafa ƙahon.

"Nomau," ya ce a hankali, "juya fuskarka."

"Ranka ya daɗe, bai taɓa wuya ba tukuna."

"Saura yatsa biyu."

"To, ka bar mini yatsa biyun."

Duk jijiyar jikina tana ce mini in fizga sau ɗaya, ko ta fito ko ta tsinke, yadda na saba. Ban san abin da ya zo mini ba, sai na miƙa hannun dama na cusa yatsuna a bakin Alƙali. Tsohon sa mai shekara tara, sai ga shi ya kama tsotsa kamar ranar farko. Ya daina harbi, jikinsa ya saki. Na ce masa, "Ka yafe mini dukan nan, Alƙali. Hukuncinka daidai ne, ni na ɗaukaka ƙara." Hannun hagu kaɗai ya rage mini a kan igiya, kuma da shi na yi ta ja, kaɗan-kaɗan, Gwaggo na shayarwa, ruwa na shiga mini hanci. Zare na biyu ya tsinke. Sarkin Fawa ya ɗaga wuƙa, na ji ya fara bisimilla. Sai wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashinmu, kumfa ya tashi, ƙafar ta taso gaba ɗaya.

Alƙali ya yi iyo zuwa gaɓa, ina rataye da wuyansa, Gwaggo a kan tozonsa tana riƙe da tulunta. Sarkin Fawa ya mayar da wuƙa kube ya ce, "Alhamdu lillahi. Dama naman tsohon takarkari sai ya ƙarar da itacen gari." Na zauna a gaɓa na yi kuka a gaban kowa, ban ji kunya ba.

Kwana uku bayan haka aka yi bikin kamun kifi a garin. Da hantsi na ga Gwaggo Kuluwa da wasu tsofaffi uku sun nufi Uwar Biki da gora da tuluna. Suka zura gora ta kusurwa huɗu, suka shayar, suna hirar ciwon gwiwa. Suka danna kunne ɗaya, suka ɗaga ɗaya, suka yi ta jijjiga ta a hankali, har ta karkace ta yi wata doguwar gyatsa ta kwanta a kan katako. Hirar gwiwar ma ba ta ƙare ba.

Na ce, "Gwaggo, ashe kuna iya fitar da ita?"

"Kowace shekara. Da me kake so mu dafa abincin biki? In an gama mu wanke mu mayar. Ina za mu sami ma'aji irin wannan? Ɓarawo kullum sauri yake yi, shi ya sa tun da aka kafa garin nan ko ludayi ba a taɓa sace mana a taɓo ba."

"To, shelar sarki fa?"

"Ai mu ma muna son abin kallo, ɗan nan. Zo ka ɗaukar mana ita zuwa gari, mu ɗauka ce ba ma iyawa."

Suka yi mini gammo, na kinkimi Uwar Biki a ka, ba takalmi, Alƙali na biye da ni yana ɗingishi. Iyakar rabona da ita ke nan, sai kuma tuwon da na ci a cikinta, malmala tara.

Na koma Tudun Ƙaya bayan wata huɗu, don ban yarda na ɗora wa Alƙali ko buta ba. Tabawa ta fito, ta dubi bayana ba tukunya, ta dubi ƙafata ba takalmi. Sai ta wuce ni ta rungume wuyan san. Ya ƙara shekara shida a duniya, kuma har ya mutu in ya dubi hanya ya ƙi, nakan juya mu koma.

Masu tufka igiya na garinmu sun yi fushi da ni ƙwarai. Amma in kun shiga zaurena, za ku ga wata 'yar igiyar rama rataye a ƙusa, baƙa ƙirin da taɓo, zare biyu sun tsinke, ɗaya ya rage. Gwaggo Kuluwa ce ta ba ni ranar da za mu taso. Baƙi kan tambaya me mutum irina yake yi da wannan abar. Nakan ce musu igiyoyin da na tsinka ba su ƙirguwa, ba kuma wadda na san inda guntunta yake. Wannan ce kaɗai ban tsinka ba, kuma ita ce ta dawo mini da Alƙali gida.

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na ƙara gishiri, ku yafe wa tsoho. Ku tashi a hankali, kada wani ya fizgi ƙafa.